Bazara: Hadari a Sama, Baƙo a Zaure

Masu karatu, duk wanda ya zauna bencin lakwal bai manta darasin nan na Faransanci ba, na lokacin da ƙanƙara ke narkewa a Turai, furanni su buɗe. Mun haddace shi don jarrabawa kawai. Mu a watannin Maris, Afrilu da Mayu bazara muka sani, kuma ba ta da hali guda. A farkon Maris sai a nemi mayafi da asuba, da azahar kujerar ƙarfe ta gagari zama. Yau hazo ya rufe Damagaram, gobe sama ta washe, jibi hadari ya haɗo daga gabas, mata su kwashe shanya a guje, daga ƙarshe ƙura ce kaɗai za ta sauka cikin miya.

Iskoki biyu ne ke kokawa bisa kanmu: busasshiyar iskar hamada daga arewa maso gabas, da mai laima wadda ke tasowa daga teku ta kudu. Iyakar da ke tsakaninsu tana matsowa arewa sannu a hankali, ta ci gaba, ta ja baya. Shi ya sa Gaya kan jiƙe tun Mayu, alhali Tawa da Tanut na iya jira har ƙarshen Yuni ko cikin Yuli.

A gidaje kuwa ɗakuna sun zama wurin ajiyar kaya. Maigida, uwargida da yara kowa ya fito da tabarma tsakar gida, kuma da kuran ya ɗauke sai a ji unguwa ta yi ajiyar zuciya baki ɗaya. Ƴan garuwa sun ƙara kuɗi. Fadar shayi ba ta watsewa sai dare ya raba, abokan da suka yi wata uku ba su haɗu ba zafi ya haɗa su a ƙofar gida. Amma zafin da ƙurar su ne ke buɗe wa sanƙarau ƙofa. Ba mu manta 1995 ba, haka nan Afrilun 2015 da aka rufe makarantun Yamai. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, gidan likita za a kai shi a ranar, ba a jiran wayewar gari. A kuma riƙa leƙa tsofaffi, domin sau da yawa ba su jin ƙishirwa sai jiki ya riga ya bushe.

Sai dai babbar jarrabawar bazara a zaure take. Yanzu ne rumbunan ƙauye ke nuna gindi, ƴan ci-rani ba su gama dawowa ba, sai ga baffa ko ƙane ya sauko daga mota da sassafe. Zai gaida kowa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi zancen zafi har a sha fura, kana ya ce: "To, Malam, damina ta ƙarato." Iri yake nema. Ma'aikacin da albashinsa ya ƙare tun ran 10 ga wata ya san nauyin wannan magana, ban kuma ga laifinsa ba in gabansa ya faɗi. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai cewa "a ce ba ni nan", alhali da kaka shi ne na farko wajen aika buhu a ciko masa. Ɗan kasuwar da ya kulle gero a magaza yana jiran tiya ta ninka, shi ma ya tuna 2005 a jihar Maraɗi: hatsi na nan a kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari talaka.

Ga abin da ya sa lokacin taimakon ya fi yawansa muhimmanci. Ruwan farko mayaudari ne. Da ya sauka gari ya fita shuka, wasu ma sun riga sun yi binne a busasshiyar ƙasa. In ya ɗauke mako biyu, tsiron ya ƙone, irin ya tafi. Masana aikin gona na Sahel suna da ma'auni: damina ba ta zauna ba sai an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 na bayansu. Manomi ba ya iya jiran wannan tabbaci, don wanda ya makara da shuka kaka ba ta jiransa. Dole ya yi kasada, kuma sau da yawa sai ya yi shuka biyu ko uku.

Saboda haka in baffa ya zo, a raba abin da za a ba shi gida biyu. Ya tafi da rabi yanzu, rabin ya zauna a birni har a ga yadda ruwan farko ya ƙare. Mai hali ya nemi irin gero mai saurin nuna, kamar HKP da masu binciken INRAN na Tarna suka daɗe suna yaɗawa, ya kuma saya tun cikin Afrilu, domin da hadarin gaskiya ya taso kowa kasuwar zai nufa.