Tafkin Cadi da Makomar Cinikin Banda

 Ya ku malamai da attajirai, zancenmu na wannan mako a kan ruwan da bandar Baga ke fitowa ne, watau Tafkin Cadi.

A shekarar 1963 faɗin tafkin nan ya kai wajen kilomita murabba'i 25,000. Sa'an nan farin 1972 da 1973 ya zo ya raba shi biyu, kwarin arewa da na kudu. Da na 1984 ya biyo baya, sai ruwan sarari ya koma ƙasa da kilomita murabba'i 2,000, har garin Baga ya wayi gari nesa da gaɓa. Dalili kuwa shi ne tafkin ba shi da zurfi, rana tana shanye kamar mita 2 na ruwansa kowace shekara, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na abin da ke shigarsa daga kogin Shari yake zuwa. In damina ta gaza a can kudu inda kogin ya taso, masuncin Baga ne zai ji a jikinsa.

Amma kada a ce tafkin ya mutu. Tun bayan 1990 ruwa ya ɗan komo, a 2022 da 2024 ma ambaliya aka sha. Abin da masana ke kira sauyin yanayi ke nan: zafi ya ƙaru, damina kuma ta rasa ƙa'ida, bana fari, baɗi ambaliya. Kifin ma ya sake. Da ruwa ya zama fadama, giwan ruwa ya ragu, tarwaɗa da karfasa da bargi suka yi rinjaye, domin su ne masu jure ruwa marar zurfi.

To, damina ba a hannunmu take ba, amma akwai ɓarnar da hannunmu ya yi. Ana tare mashigin ruwa da dumba, ana saka taru mai ƙananan idanu, ana kwashe kifin da bai ko yi ƙwai ba. Daga wajenmu kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ruwan da ke gangarawa Haɗeja da Nguru zuwa Komadugu Yobe. Ga kuma fitinar Boko Haram, wadda ta auka wa Baga a Janairun 2015, ta tarwatsa masunta, ta tsai da ciniki shekaru.

Waɗansu suna cewa kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti zai maye gurbin su. Lalle sana'a ce mai albarka, amma a yi lissafi. Abincin kifi shi ne ke cinye mafi yawan jari, ruwan kuwa daga rijiyar burtsatse ake jawo shi. Kiwo taimako ne, ba zai ɗauki nauyin miliyoyin da ke ci daga tafkin ba.

Saboda haka shawararmu biyu ce. Attajirai, ku ne masu ba masunta jari, ku ne masu sayen banda ku kai Anaca da Ikko. In kuka haɗa baki kuka ƙi sayen ƙananan kifi, tarun da ke kama su zai koma rataye. Malamai kuma ku tunatar da jama'a cikin wa'azi cewa ruwa amana ne, ku ƙarfafa wa sarakunan ruwa gwiwa su hana su lokacin da kifi ke ƙwai, kamar yadda Kabawa ke tsare Matan Fada a Argungu sai ranar su. Wanda ya cinye iri bana, me zai shuka baɗi?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wassalam.