Farar ƙasa ba ta tsai da bango



Yau ina da magana da masu saida gida, da dillalan da ke tsaya musu. Maganar ba ta da daɗi, amma dole a yi ta.

Cikin ajin da nike karantarwa akwai wani dattijo. Ya yi shekaru shina tara kuɗi, don shi samu gida a bakin gari, kusa da kasuwa da gidan likita. Ya saida bijimai biyu. Ya saida waken da ya noma. Cikin rani dillali ya kai shi wani gida. Bango fari fat. Ƙofar zaure da sabon fenti. Tsakar gida a share. Cikin ɗaki an liƙa sabon ƙyalle a sama, ba ka ganin azara. Dattijo ya gani, ranshi ya so, ya biya, ya kwaso iyali.

Ruwa na uku na damina, da tsakar dare, bangon baya ya faɗi. Awaki biyu sunka mutu. Ƙaramar ɗiyarshi ta karye a ƙafa. Da gari ya waye, magini ya zo ya duba. Ashe akwai tsohuwar tsaga wadda hannu ke shiga cikinta. An cusa mata tsumma da ɗanyar laka, an bi da farar ƙasa. Da anka yaye ƙyallen nan na sama, sai ga azara gara ta cinye ta, in ka taɓa ta sai gari shi zubo.

Anka je wurin wanda ya saida gidan. Abin da ya ce shi ne: "Ai ya gani da idonshi." Dillali kuwa ya riga ya cinye la'adarshi.

To, ni na ce wannan ba ciniki ba ne. Sata ce, kuma ta fi satar dare muni. Ɓarawon dare kaya shike ɗauka ya tafi. Wannan kuwa ya amshi kuɗinka, ya bar maka bangon da zai faɗa wa ɗiyanka.

Kada wani shi ce na hana gyaran gida. Ko akuya za ka kai kasuwa, kana ba ta dusa da ruwa, kana goge mata jiki. Ko mai saida fura tana wanke ƙwaryarta. Wanda ke son saida gida dole shi gyara shi, shi share shi, shi sa mai saye shi ji daɗin gani. Wannan halal ne, kuma hankali ne. Amma gyara daban, algus daban. Gyara shi ne ka cire aibi. Algus shi ne ka bar aibi a wurinshi, ka rufe shi don kada a gani. Mai zuba yashi a gindin buhun hatsi da mai shafa farar ƙasa bisa tsaga, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Na san amsoshin da su kan bayar. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Na farko su ce: "Kasuwa ce, mai saye shi buɗe ido." To, ido shina ganin cikin bango? Kai da ka kwana cikin gidan damina goma, kai ka san inda ke yoyo. Kai ka san kusurwar da ruwa ke kwanciya. Baƙon da ya zo cikin Maris ko Afrilu, rana na dukan ƙasa, kome a bushe, ina zai sani? Shi ya sa ma ake son saida irin waɗannan gidaje da rani. Ku tambayi malamanku. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar, sun yi bayanin aibi cikin ciniki. Wanda ya san aibi ga kayanshi, wajibi ne shi bayyana. In ya ɓoye babban aibi, mai saye shina da ikon maida kaya shi amshi kuɗinshi. Malamai kuma suna ba da labarin ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai saidawa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama. Ya tsawata mashi, ya nuna mashi jiƙaƙƙen ya kamata shi ɗora a sama kowa shi gani. In an hana ɓoye danshi cikin hatsi, ina ga danshi cikin bangon ɗakin kwana?

Na biyu su ce: "Kowa haka shike yi." Ƙarya ne. Akwai masu tsoron Allah da yawa cikin garuruwanmu. Kuma ko da kowa na yi, kai ma gobe mai saye ne. Wanda ya saida gida ba bisa icce zai kwana ba. Da kuɗin nan zai nemi wani gida. In ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Na uku su ce: "Matsuwa ce ta sa. Bashi ya kama ni, ba ni da kuɗin gyara." Wannan ita ce amsar da nike jin tausayinta. Gaskiya ne, babu mai saida gidanshi don daɗi. Wani rashin lafiya ne, wani fari ne, wani rabon gado ne. Amma faɗin gaskiya ba ya cin ko dala. In ba ka iya gyara, kama hannun mai saye ka kai shi wurin tsagar. Ka ce mashi: "Ga ta nan, ban samu halin gyara ta ba, mu rage kuɗin gyara." Mu yi lissafi, tun da mun koyi lissafi. A ce gida ya kai jikka 800. A ce magini ya yanke gyaran bango da azara jikka 60. Ka saida jikka 740, ka kwana lafiya. In ka ɓoye, ka ci jikka 60 na haram. Bango ya faɗi, a kai ka gaban sarki ko alƙali. Ka biya kuɗin mota, ka bar gonarka tsakiyar noma, wataƙila a ce ka maida jikka 800 da ka riga ka kashe. Sunanka kuma ya ɓaci har ga surukanka. Ina riba?

Jama'a, wannan magana ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Ta rai ce. Duk mun ga daminar 2024. Ruwa ya taɓa mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar. Fiye da mutum 300 sunka rasu, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu. A farkon Satumba na 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Gini ne na ƙasa, ya fi shekara 150 a tsaye. In ruwa ya iya kada wannan, ina ga ɗakin da anka toshe tsagarshi da tsumma? Ginin ƙasa gini ne mai kyau, shina da sanyi da rani, kakanninmu sun zauna cikinshi lafiya. Amma shina son kulawa kowace shekara. Ba ya son yaudara.

To, mi ya kamata mai saida gida shi yi? Ga abin da na koya wurin magina.

Fara daga sama. Hau soro ka duba. Inda ƙasa ta zaizaye, a ƙara, a daɓe, a ba ta gangare wajen indararo. Indararo shi zama a buɗe, shi yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. In rufin kwano ne, a toshe hudojin ƙusa, a sake wanda tsatsa ta ci.

Sa'an nan azara. Ɗauki wuƙa ka soka. In ta shiga da sauƙi, gara ta gama da ita, a sake ta. Kada a rufe ta da ƙyalle ko leda. Bar mai saye shi ɗaga kai shi gani. Azara mai lafiya ita da kanta talla ce.

Sa'an nan bango. Ƙaramar tsaga ta yaɓe ce, a kankare a sake yaɓe da laka mai kyau, wadda ta kwana da ciyawa. Inda ake samun makuba a sa, tana tsare ruwa. Babbar tsaga kuwa, wadda ta ratsa daga ciki har waje, ko bangon da ya karkata, maganinshi a rushe wurin a sake ginawa. Ku yi hattara da siminti bisa bangon laka. Shina da kyaun gani, amma laka da siminti ba su cika riƙe juna ba. In ruwa ya samu hanya ya shiga bayanshi, danshi ba ya fita, laka tana narkewa a ɓoye. Ƙwanƙwasa da hannu. In ka ji shina amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu da bango.

Duba gindin bango. Nan ruwa ke fara ci. A ƙara ƙasa a gindin, a daddaɓe, don ruwa shi gangara waje. A buɗe rariya. A cike ramin da ke tara ruwa a tsakar gida, don shi ne gidan sauro.

Duba salga. In ta cika ko bakinta ya rufta, a gyara, a yi mata murfi. In akwai rijiya a gidan, a gaya wa mai saye nisanta da salga. Ma'aikatan lafiya suna son a nisanta su, mita 30 in da hali.

Bayan wannan duka, sai shara. A kwashe juji da takin dabbobi a kai gona. A fid da tsofaffin tukwane da karyayyen turmi. A buɗe taga iska shi shiga. A gyara ƙyaure da makulli. Iccen inuwa kada a sare shi, ko dogon yaro ne ko mangwaro. Mai saye da ya shigo da rana tsaka ya tsaya a inuwa, rabin ciniki ya ƙare. Sai dai a rage reshen da ke gugar soro.

Daga ƙarshe ne farar ƙasa ke zuwa. Bisa bango mai lafiya, ado ce, shafa ta yadda kake so. Bisa bango maras lafiya, likkafani ce.

Akwai aibin da ba a gyara shi da laka. In gidan cikin kwari shike, inda ruwa ke bi, faɗi. Mutanen Maradi sun san wannan tun 1945, lokacin da gulbi ya cika ya ɓata tsohon gari, har anka maida gari bisa tudu. In akwai rigimar iyaka da maƙwabci, faɗi. In gidan gado ne ba a raba ba, kada ka kai shi kasuwa sai duk magada sun yarda, mata da maza, har da wanda ya tafi cin rani. Gida nawa anka saida, bayan shekara ɗan'uwa ya dawo daga Legas ko Libiya ya ce bai sani ba? Mai saye ya rasa gida, ya rasa kuɗi.

Nan ne karatunmu ke da rana. A da, ciniki da baki ake yi. Shaidu su mutu, magana ta mutu. Yanzu kun iya riƙe alƙalami. A rubuta takarda. A sa sunan mai saidawa da na mai saye. A sa kwanan wata da kuɗi, da lamba da kuma harufa. A sa iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta. A sa yawan ɗakuna. A rubuta abin da anka gyara, da aibin da ya rage wanda mai saye ya gani ya yarda. Shaidu su sa hannu gaban maigari. Tun daga dokar ƙasar karkara ta 1993 an kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, har a ƙauyuka, suna ba da takardar shaidar saye da saidawa. A cikin gari kuwa a nemi takardar fili ta ma'aikatar magajin gari. Takardar nan ba mai saye kaɗai take tsarewa ba. Kai mai saidawa, in ka rubuta aibi da hannunka, babu mai tada ka gobe. Kuma kada kowa shi dangwala yatsa bisa abin da bai karanta ba.

Ku dillalai, sana'arku amana ce. Ku ne idon baƙo. La'adar da kunka ci bisa ƙarya ba ta yin albarka. Gari ƙarami ne. Dillalin da ya cuci mutum ɗaya, kasuwa duka ta ji. Wanda anka sani da gaskiya kuwa, har gida ake biyo shi.

Ku kuma masu saye, kada farin bango shi rufe muku ido. Ku tafi da magini. Ku hau soro. Ku tambayi maƙwabta, musamman mata, don su ne ke kwasar ruwa in ya shigo. In da hali, ku ga gidan washegarin ruwan sama. Wanda ya hana ku ɗaga ƙyalle, ku yi mashi sallama.

Dattijon nan na ajinmu ya sake gina bangonshi da taimakon ƴan aji. Yarinyar ta warke, tana ɗan ɗingishi. Maganar kuɗi har yanzu tana gaban manya. Ran nan na ba su aikin rubutu a allo, kowa shi rubuta jimla ɗaya daga kanshi. Ya tashi a hankali, ya ɗauki alli, ya rubuta: "A nuna mini tsaga, in saya da sanina."

Allah shi ba mu ikon faɗin gaskiya ko da za ta rage muna kuɗi. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare gidajenmu da iyalanmu, amin.