Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufuri: Ina Tikitin Jirgin Kaduna Yake Shiga?

Mai girma Minista, maganar tikiti ce ta kawo ni, kuma ba zan yi kewaye-kewaye ba.

Ranka ya daɗe, duk mai bin jirgin ƙasa tsakanin tashar Rigasa a Kaduna da ta Idu a Abuja ya saba da amsa guda: tikiti ya ƙare. Mutum ya buɗe manhaja a wayarsa tun da wuri, ya tarar an cinye kujeru. Ya yi asubanci zuwa tasha, a ce masa a kanta babu. Yana juyawa zai fita, wani ya raɓo shi ya ce, “Alhaji, Abuja ne? Akwai, sai dai fa akwai ƙari.” Tikitin da ya ƙare a kanta, ya ƙare a intanet, ga shi a aljihun ɗan cuwa-cuwa a bakin ƙofa. Ta ina ya bi ya je can? Wa ya ba shi? Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma ofishinka ne kaɗai ke da ikon tilasta a amsa ta.

Ba na raina abin da aka yi. Tun da aka buɗe wannan layi mai tsawon kilomita 186 a watan Yulin 2016, ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu, a shekarun da bin titin Kaduna zuwa Abuja ya zama sayar da rai. Ma’aikatarka ta cancanci yabo a nan, kuma na yaba. Amma daidai wannan tsoron hanyar ne ya mai da tikiti haja. Wanda ke gudun masu garkuwa da mutane ba ya ciniki, ko nawa aka yanka masa biya zai yi. Wasu suka gane haka, suka kafa kasuwa a kan tsoron bayin Allah, a harabar gwamnati, a gaban jami’an tsaro.

A watan Janairun 2021 ministan wancan lokaci, Rotimi Amaechi, ya ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet, aka ce ƙarshen cuwa-cuwa ya zo. Har alkawarin injunan da fasinja zai sayi tikiti da kansa a tasha aka yi. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da jirgi ya dawo aiki a watan Disamba na shekarar, aka ƙara sharaɗin lambar NIN, aka ce yanzu kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi. To madalla. Idan kowane tikiti da sunan mai shi, yaya ake sayar da shi ga wani a bakin tasha? Idan kuma wanda ya saya a hannun ɗan cuwa-cuwa yana wuce masu tantancewa ya hau ya zauna, ai magana ta wuce ta kuɗi, ta zama ta tsaro. Layin da aka tare jirginsa aka kashe mutane, aka kwashe wasu zuwa daji watanni, shi ne a yau ba za a iya rantsuwa a kan sunan wanda ke zaune a kowace kujera ba?

Sannan ka dubi waɗanda tsarin ya manta da su gaba ɗaya. Sayen tikiti ta waya yana buƙatar babbar waya, da data, da asusun banki mai aiki, da karatun boko gwargwado, da sabis ɗin da ba zai yanke ana tsakiyar biya ba. Dattijon da za a kai Asibitin Ƙasa a Abuja yana da waɗannan? Matar da ta taso daga Zariya ko Kano da asuba don ta kama jirgi a Rigasa fa, da ’yar rakani-kashinta a ƙulle a bakin zani? Rigasa ba tsakiyar gari ba ce, Idu ma haka. Mutum ya biya kuɗin mota ko Keke Napep ya isa, da kayansa da ’ya’yansa, sannan a ce masa ya ƙare. Ko ya koma tashar mota ya hau motar da yake gudu, ko ya miƙa wuya ga ɗan cuwa-cuwa. Bashin dala miliyan 500 da aka ciwo daga bankin China don gina wannan layi, da dukiyar kowa ake biyansa, har da ta waccan matar. Ba a tambaye ta irin wayar da take riƙewa ba lokacin da aka ci bashin da sunanta.

Kada a ce mana ƙarancin tarago ne kawai. Gaskiya ne jirage sun yi kaɗan, kuma tun da aka rage zirga-zirga abin ya ƙara tsanani. Amma ƙarancin kujera daban, ɓoye kujera daban. Kwamfuta ba ta mantuwa: tana riƙe da lokacin da aka sayi kowane tikiti, da asusun da ya biya, da kantar da ta buga shi. In asusu guda yana kwashe kujeru kullum, a rubuce yake. In ana riƙe wasu kujeru don manya da ’yan gaban goshi, a rubuce yake. Ba sai an kafa kwamiti ba, Ranka ya daɗe. Ka nemi a ɗora maka bayanan wata guda a kan teburinka, ka karanta da idonka. In ba ka nema ba, mutane za su fassara shirunka yadda suka ga dama, kuma ba fassara mai daɗi za su yi ba.

Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba. A ware kaso sananne na kujerun kowane jirgi don sayarwa a kanta ranar tafiya, a bayyana adadinsa a allo kowa ya gani yana raguwa. A sa injunan sayar da tikiti masu aiki a Rigasa da Kubwa da Idu, masu magana da Hausa, da ma’aikaci a gefe don taimakon wanda bai iya ba. A buɗe wuraren saye a cikin garin Kaduna da Zariya da Kano, a kuma samar da lambar da ƙaramar waya za ta iya dannawa kamar yadda bankuna suka yi. Sauran ƙorafe-ƙorafen, na kuɗin da ake cirewa tikiti bai fito ba, da jinkirin mayar da shi, da sauya lokacin tashi babu sanarwa, da layin ƙorafin da ba a ɗagawa, ka san su.

Ana ginin layin Kaduna zuwa Kano, ana ginin na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mafi yawan waɗanda za su hau su ’yan kasuwa ne da manoma da matan ƙauye, masu biya da tsabar kuɗi. In aka kai musu wannan tsarin yadda yake, to an gina wa ’yan cuwa-cuwa sababbin rumfuna da kuɗin bashi, kuma sunan wanda ke kan kujera lokacin da aka bari hakan ta faru shi za a riƙa kira.

Ina roƙonka don girman Allah, wata safiya ka ajiye jiniya da ’yan rakiya, ka sa hula da tufafin gida, ka je Rigasa ka bi layi ka ce kana son tikiti guda zuwa Idu. Kada ka sanar da kowa kafin ka je.

Naka,
Wani fasinja daga Kaduna