HAƘƘIN DOKA DABAN, NA YARJEJENIYA DABAN

Da yawa daga cikin 'yan uwa matasa da ke neman abinci a masana'antun Sharada da Bompai a Kano, ko Kakuri a Kaduna, sukan sa hannu a takardar ɗaukar aiki ba su karanta ba. Wasu ma ko takardar ba a ba su. Sai ranar da aka sallame su ake jin koke-koke, alhali tun farko ba su rarrabe abin da doka ta ba su da abin da mai kamfani ya yi masu alkawari ba.

Haƙƙin doka ba kyautar mai gida ba ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta a bai wa lebura ko ƙaramin ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3. Ta ba shi hutun aƙalla kwana 6 da albashi bayan wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya in likita ya tabbatar. Wanda ya shekara 5 yana da notis na wata guda. Ko an sa shi ya sa hannu wai ya yafe hutunsa, wannan sa hannun banza ne. Sai dai a lura, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma nan ne akasarin talakawa ke aiki.

Kuɗin haya, kuɗin mota, goron Sallah, duk waɗannan na yarjejeniya ne. In an rubuta, sun zama bashi, ana iya bin su har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. In kuwa da baki manaja ya faɗa, to wa zai tsaya shaida ranar da ya musanta?

Nauyin kuma bai tsaya kan mai kamfani kaɗai ba. Ɗan uwan da ya ajiye aiki ba notis ya saɓa doka, ya kuma saɓa alkawari, wanda bai dace da Musulmi ba.

Akwai kuma batun Juma'a. Doka ta ba da hutun awa guda ga mai aikin awa 6 ko fiye, amma ba ta ambaci lokacin masallaci ba. Wanda bai so a yanke masa albashi don ya tafi salla, sai ya nemi a rubuta masa wannan sharaɗi tun ranar da ake ciniki.