Kafin Takardar Sallama Ta Iso

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, haka ma wadda za ta ɓaci.

A Amurka, kowane wata ma'aikatar ƙwadago takan fitar da matsakaicin awoyin da ma'aikacin masana'anta ke yi a mako. Masana tattalin arziki suna sa wa lissafin nan ido ƙwarai. Dalili kuwa, in kasuwa ta ja baya, mai masana'anta ba ya fara da kora. Rage awoyi yake yi tukuna, domin horar da sabon hannu akwai tsada. In ciniki ya farfaɗo, sai ya ƙara wa na ciki awoyi kafin ya ɗauki wasu. A 2007 awoyin sun haura 41, a farkon 2009 suka sauko ƙasa da 40. Da suka soma hawa, sai a 2010 ɗaukar ma'aikata ya biyo baya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai aikin kamfani a Tema ko Kumasi, in ka ga ana ta zabge muku awoyi, kada ka ci sabon bashi. Soma tanadi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.