Guangzhou Kasuwa Ce, Ba Makaranta Ba

Duk matashin da ya ce zai tafi ƙasar Sin koyon Sinanci, shawara ɗaya ake ba shi: "Je ka Guangzhou, akwai 'yan'uwa." Wannan shawarar ce ke kashe karatun tun ba a fara ba.

Harshen gado na mutanen Guangzhou Kantonis ne. A aji a koya maka Mandarin mai karin sauti huɗu, ka fito titi ka ji wani harshe daban mai karin sauti shida. Na yarda ana jin Mandarin a can, amma kunnen sabon ɗalibi wanne zai kama?

Abin da ya fi wannan muni, unguwar Xiaobei cike take da 'yan kasuwar Afirka. Nan za ka yini kana Hausa, kana rakiyar wani Alhaji sayen kaya. Shekara ta ƙare, abin da ka iya bai wuce taya farashi ba.

A kan lafazin Beijing aka gina daidaitaccen Mandarin, don haka arewa za ka dosa. In hayar Beijing ta fi ƙarfinka, ga Harbin, wadda ta yi suna da tsaftar lafazi, sai dai sanyinta na Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. In sallah da abincin halal ne damuwarka, Xi'an na da Musulmi 'yan Hui da tsohon babban masallaci.

Ka fara iya harshen tukuna. Guangzhou na nan ba inda za ta, ka koma mata kana tafinta, ba ɗan rakiya ba.