Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani

Mai girma Minista,

Ina rubuto muku ne daga Kano, a matsayina na ɗaya daga cikin matasan da ke ƙirƙira da tsara shafukan intanet, masu zaman kansu.

Mun yi murna da shirin 3MTT da ma'aikatarku ta ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan 3. Sai dai horo kaɗai ba ya ciyar da iyali. Yaro zai kwana yana koyon HTML da JavaScript, hannunsa ya faɗa, amma ba kwamfuta tasa, ba wanda zai ba shi aikin farko. Ga kuɗin data da hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga wutar da ba ta tsayawa. Mu kuwa data ce jarinmu.

Ranku ya daɗe, wanda ya horar da matashi, haƙƙinsa ne ya buɗe masa ƙofar kasuwa. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, kuma kowacce na buƙatar shafi mai aiki, har da Hausa inda jama'a Hausa suke ji. Muna roƙon ku haɗa kai da gwamnoni a ware wannan aiki ga 'yan yankin, a riƙa biyansu kan lokaci. A kuma samar da bashin kwamfuta marar ruwa, sannan ku zauna da Babban Banki a sauƙaƙa mana karɓar kuɗin aikinmu daga ƙasashen waje.

Muna sauraron amsarku.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai tsara shafukan intanet, Kano